Jan Ragamar Zauren Karatu a Abuja

Abuja ba ta rasa wuraren da ake taruwa saboda littafi ba. Ƙungiyar Abuja Literary Society ta haura shekara ashirin tana tara masu karatu da masu rubutu, Abuja Writers' Forum kuma tun 2008 take gayyato marubuta su zauna gaban jama'a a yi musu tambayoyi. Can a Mpape akwai ƙauyen marubuta, a filin da Manjo-Janar Mamman Jiya Vatsa ya ba ƙungiyar marubuta ta ƙasa, ANA, a 1985 lokacin yana ministan babban birnin. Sai dai kusan duk wannan hidima da Turanci ake yin ta. Masu karatun Hausa kuwa suna nan jingim a Kubwa da Karu da Nyanya da Gwarimpa da Lugbe, ma'aikata da matan aure da ɗalibai, amma kowa shi kaɗai yake karatunsa a waya. In ya gama ya tura wa marubuciya "Allah ya ƙara basira", shi ke nan an wuce wurin.

Wanda bai gamsu da haka ba, ya yi niyyar haɗa mutum takwas ko goma su riƙa zama sau ɗaya a wata a kan ƙagaggen labari guda, zai tarar tara mutanen shi ne mai sauƙi. Wahalar tana farawa bayan an gaisa an zauna, kowa ya zuba masa ido. Yawancin masu jagoranci a nan suke komawa malaman makaranta: su ɗauki rabin sa'a suna bayanin jigo da salo da tarihin marubuci, sauran na gyaɗa kai, a sha lemo a watse. Wata mai zuwa rabin mutanen za su ce an yi musu baƙi. Abin da ake nema daga jagora shi ne ya sa mutane su yi saɓani a kan littafin, kowa ya kawo hujjarsa daga cikin shafukansa, su kuma tashi ba wanda ya ƙullaci wani. Duk sauran dabarun da za su biyo baya hidimar wannan suke yi.

Daga zaɓen littafi ake cin nasara ko a faɗi. Ba kowane littafi mai daɗin karatu ne yake da daɗin tattaunawa ba. Labarin da na kirki ya zama na kirki tun daga shafin farko, mugu kuma mugu har ƙarshe, minti goma ya ishe shi: a yi wa kishiya Allah ya isa, a yaba wa tauraruwa da haƙuri, magana ta ƙare. A nemi wanda a cikinsa wani ya yanke shawarar da masu hankali biyu za su iya rabuwa a kanta. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, irinsa ne. Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai sayar da yadi a Kano, ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara. Rabi ta kama sayar da abinci ta tsaya da ƙafarta, 'yarta Saudatu ta auri mai hali, shi kuma gobara ta cinye masa dukiya a kasuwa, amarya ta juya masa baya. A ƙarshe aka matsa wa Rabi ta koma masa. Wannan komawar kaɗai ta isa riƙe zaure har Magariba. Haka ma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ɗan siriri ne, ana gama shi a yini guda, amma abin da ke ciki game da bauta da ƙaddara da rabuwar uwa da ɗa bai ƙarewa a zama ɗaya.

Tsawo ma abin dubawa ne. Ma'aikacin da ya fita daga Mararaba da asuba ya dawo bayan Isha ba zai gama labari mai juzu'i huɗu cikin wata guda ba, balle irin na intanet da ake sakin su shafi-shafi har ɗari da wani abu. A fara da gajere. In an saba, a raba dogo gida biyu, a sanar tun da wuri inda zaman farko zai tsaya, a kuma hana waɗanda suka wuce gaba tona ƙarshen.

Samun littattafan Hausa a Abuja sai da shiri. Shagunan littattafai irin su Roving Heights na Turanci suka fi ajiyewa. Na Hausa galibi daga Kano ake aiko su, daga wajen masu sayarwa a kasuwar Sabon Gari, tsofaffin kuma kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ne mawallafinsu. Mutum ɗaya ya karɓi kuɗin kowa, a saya a dunƙule, a ba direba ya kawo tashar Jabi ko ta Zuba. A ba wannan aikin mako biyu kafin a fara ƙirga kwanakin karatu. Littafin da wani ya kwafe yana yawo da shi a WhatsApp ba da izinin mai shi ba kuwa, zauren da ya ce yana ƙaunar adabi bai kamata ya gina kansa a kai ba. Marubutan da ke sayar da nasu ta waya suna saka lambar asusu, kuɗin kuma sau da yawa bai kai na katin waya ba.

Lokaci da wuri: a Abuja tazara ce take kashe taro. Kada a sa zama ranar aiki da yamma, domin wanda zai bi hanyar AYA zuwa Nyanya a wannan lokacin ya san abin da ke jiransa. Asabar tana cike da ɗaurin aure da walima. Lahadi bayan La'asar ta fi zama daidai, har ga 'yan zauren da suke zuwa coci da safe. Rana tana faɗuwa a nan tsakanin ƙarfe shida da 'yan mintuna a ƙarshen shekara zuwa bakwai saura a tsakiyar damina, saboda haka in an fara huɗu da kwata akwai minti 90 cif kafin a tashi alwala. Lambun Millennium Park da ke Maitama yana da daɗi da rani, amma daga Afrilu zuwa Oktoba hadari ba ya shawara da kowa. Falon ɗaya daga cikin 'yan zaure ya fi rufin asiri, a riƙa zagayawa, wannan wata Gwarimpa, na gaba Karu, don kada wahalar hanya ta zama ta mutum ɗaya kullum. Abinci kada ya wuce zoɓo da cincin. Da zarar an fara dafa shinkafa, gasar girki ta shigo, mai ƙaramin ƙarfi zai fara jin nauyin karɓar baƙi.

Yawan mutane lissafi ne kawai. A cire minti 15 na buɗewa da rufewa daga 90, saura 75. In mutum goma ne, kowa ya tashi da minti bakwai da rabi. In ashirin ne, ba wanda zai samu huɗu, kuma a zahiri mutum biyar ne za su cinye lokacin. Zaure in ya haura goma sha biyu, gara a raba shi.

Yanzu ga ainihin sana'ar, wato shirya tambaya. Jagora ya karanta littafin sau biyu. Na farko don jin daɗi, kamar kowa. Na biyu da biro a hannu, yana yin alama a wuraren da ya ji wani abu ya tsaya masa a rai: inda ya ji haushi, inda bai yarda ba, inda marubuci ya yi tsalle ya bar shekaru ba bayani, inda wani ya yi shiru alhali ya kamata ya yi magana. Daga waɗannan wurare tambayoyi masu rai suke fitowa. Ya rubuta kamar guda takwas, ya san cewa uku ko huɗu kawai za a taɓa. Tun da bugu ya kan bambanta, wani na takarda wani na waya, ya riƙa ambaton wuri da abin da ya faru a cikinsa, kamar "ranar da aka kori Rabi", maimakon lambar shafi.

Tambaya mai kyau tana da alamu biyu. Ana iya amsa ta ta fuska fiye da ɗaya, kuma dole mai amsa ya koma cikin littafin ya nemo hujja. "Ya kuka ga littafin?" ba ta da ko ɗaya; amsarta "ya yi daɗi" ce. "'Ya'yan Rabi nawa ne?" jarrabawa ce, manya kuma ba su baro gida don a jarraba su ba. "Auren mace fiye da ɗaya yana da kyau ko ba shi da kyau?" tana da fuska biyu, amma ba ta buƙatar littafin sam, wanda bai buɗe shi ba ma zai fi kowa zaƙewa. Gwada wannan: "Da Rabi ta koma gidan Alhaji Abdu, nasara ta yi ko an ci ta da yaƙi? A nuna mana wurin da ya sa aka ce haka." Nan take za a rabu. Wata za ta ce an danne ta ne, ta kawo yadda aka taru a kanta. Wani zai ce a duba a hannun wa abin masarufin gidan yake yanzu. Ta uku za ta ce ita tambayarta ga marubuciyar take: ta yarda da wannan ƙarshe ne, ko tana nuna mana yadda al'umma take yi ne don mu ji zafin? Da an kai nan jagora ya ja bakinsa ya yi shiru, aiki yana yin kansa.

A Shaihu Umar, malami ne zaune gaban almajiransa yana ba su tarihin rayuwarsa, tun daga Kagara har ƙasar Masar har dawowarsa Rauta. Ana iya tambaya: Abdulkarim, Balaraben da ya ɗauke shi ya rene shi kamar ɗa ya ba shi ilimi, fataucin bayi yake yi, littafin yana so mu ƙaunace shi ko mu tuhume shi? Ana iya ƙarawa: wahalar da mahaifiyar Umar ta sha tana nemansa har ta faɗa hannun masu bautarwa, shi ba ya wurin, to daga ina ya san ta dalla-dalla, kuma me ya sa muryarsa ba ta rawa in yana ba da ita? Irin wannan tambaya ta biyu, wadda ta shafi wanda ke ba da labari da yadda aka gina shi, ita ce zaurukanmu suka fi mantawa da ita. Mun iya yi wa taurari shari'a kamar maƙwabtanmu ne, amma ba mu cika tuna cewa wani ne ya zauna ya zaɓi abin da zai nuna mana da abin da zai ɓoye ba. A kowane zama a tanadi aƙalla tambaya ɗaya irin wannan. Ba sai an yi amfani da kalmomin jami'a ba. "Me ya sa aka fara labarin daga nan, ba daga can ba?" ta wadatar.

Akwai tambayar da na fi so a ajiye can ƙarshe, in ma za a yi ta: "Wane darasi muka koya?" Mun taso da ita tun firamare, marubutanmu da yawa ma da kansu suke rubuta amsarta a shafin ƙarshe. Illarta ita ce tana rufe magana. Da zarar wani dattijo ya ce darasin shi ne haƙuri, wa zai ɗaga hannu ya ce shi bai ga haka ba? Sai a ga kamar da haƙurin yake faɗa.

Zaure na Hausa ba laifi ya karanta littafin Turanci ya tattauna shi da Hausa, musamman in labarin namu ne. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG ta dala 100,000 a 2016, a Mararaba aka kafa shi, nan bakin Abuja, inda wasu 'yan zauren suke kwana. Hajiya Binta Zubairu, mai shekara 55, wadda ta rasa mijinta a rikicin Jos, ta faɗa soyayya da Reza, matashi mai sayar da wiwi kuma ɗan bangar siyasa, wanda ya fara shigo mata gida ta katanga. In jagora ya buɗe da "abin da Binta ta yi daidai ne?", ya kashe zaman, domin ba wanda zai ce daidai ne, kuma littafin ma ba wannan yake tambaya ba. Ƙofar da ta fi ita ce ta alkunyar ɗan fari: Binta ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, ba ta nuna masa so a fili ba har ya mutu. Me wannan ya bari a zuciyarta, kuma ina ya haɗu da Reza, wanda shi ma uwa ta bar shi? Kowa a zauren ya san wannan al'ada, wasu su ne 'ya'yan farin, wasu su ne iyayen. Amma littafi irin wannan, mai wuraren da suka fito fili, a sanar da mutane tun lokacin zaɓe, kada wata Hajiya ta ci karo da su ba shiri ta ɗauka da gangan aka yi mata.

Ranar zama, a jera kujeru a da'ira, jagora ya zauna a cikinta kamar kowa. Kujerar da ta fi kyau a ba babba don girmamawa, amma kada a sa ta a inda za ta zama kan teburi. Bayan addu'a da gaisuwa, a nemi mutum ɗaya, wanda aka gaya wa tun kafin ranar, ya taƙaita labarin cikin minti uku. Uku, ba goma ba. Bahaushe gwanin ba da labari ne, in aka sake masa zai maimaita littafin kaf har da kwaikwayon murya. Daga nan a karanta rabin shafi da ƙarfi, wurin da jagora ya zaɓa saboda tambayarsa ta farko daga nan za ta fito. Rubutun Hausa a kunne yake nuna kansa. Jimlar da ido ya wuce, in aka ji ta a bakin mai iya karatu sai a ga dariya ko tsaki ya tashi. A bar wanda ya yi niyya ya karanta. Akwai yaran da suka tashi a Abuja, Hausa a bakinsu garau amma karanta ta sai da tuntuɓe, akwai kuma Gbagyi da Nupawa da sauran waɗanda Hausa yare na biyu ce gare su. Tilasta musu karatu a gaban jama'a korar su ne.

Sai zagayen farko, inda kowa zai faɗi abu ɗaya cikin minti guda: wurin da ya fi tsaya masa a rai. A nan akwai dabarar da ta fi kowace muhimmanci a wurinmu: a fara daga ƙarami, a ƙare da babba. In Yallaɓai darakta ko Hajiya Babba suka fara, an gama. Duk wanda ya biyo baya zai ce "kamar yadda Baba ya faɗa". Abuja gari ne na matakin albashi, kuma mutum ba ya ajiye muƙaminsa a bakin ƙofa don an ce zauren karatu ne. Ƙaramin ma'aikaci ba zai saɓa wa wanda zai iya sa hannu a takardar ƙarin girmansa ba, sai in ya riga shi magana. Babban kuma ba a rage shi da komai ba, an ba shi matsayin mai rufewa. Jagora ya faɗe shi da ladabi: "Ranka ya daɗe, za mu bar naka ya zo a ƙarshe, kada yaran nan su laɓe a bayanka." Ban taɓa ganin dattijon da wannan ta ɓata wa rai ba. Shi kansa jagora ra'ayinsa ya zo bayan na kowa, ko ma ya riƙe shi sai an tambaye shi.

Rabon magana kamar rabon tuwon biki ne: idon mai rabo yana kan wanda kwanonsa ba komai, ba kan mai miƙo hannu sau uku ba. A kowane zaure akwai mai dogon bayani. Ba a katse shi da tsawa. A jira ya ja numfashi, a ɗauki abu ɗaya daga maganarsa a miƙa wa wani: "Malam ya ce Delu ba ta da laifi, mijin ne ya kawo ta. Anti, kin yarda?" An girmama shi, an kuma karɓe ragamar. Mai shiru kuwa kada a ce masa "kai ba ka ce komai ba", wannan tuhuma ce. A ba shi ƙaramar ƙofa: "Yaya, ɗazu na ga kin yi murmushi da aka ambaci Saudatu." In ta ce a wuce ta, a wuce. Wani sauraro ya kawo shi, kuma sau da yawa a wata na uku shi zai faɗi maganar da za a tafi da ita gida.

In an yi tambaya aka yi tsit, jagora ya daure. Ya ƙirga goma a zuci. Sabon jagora tsoron shiru yake, sai ya amsa tambayarsa da kansa, daga nan mutane su gane cewa in sun jira zai yi musu aikin. In shirun ya wuce haka, wataƙila tambayar ce ta yi faɗi. A ƙuntata ta, a koma kan wani wuri takamaimai.

Hanyoyi biyu ne tattaunawa ta fi sulluɓewa ta bi. Ɗaya wa'azi: wani ya jawo hukuncin abin da tauraro ya aikata, wani ya kawo nasa malamin, kafin a ankara an koma muhawarar da ba a kanta aka taru ba, a zauren da wataƙila akwai mabiya fahimta daban-daban har da wanda ba Musulmi ba. Jagora ba ya musun hukunci, ba hurumin zauren ba ne. Cewa zai yi: "Wannan ba mu da ja a kai, Malam. Abin da muke nema, me ya kai ta ga aikatawa, kuma marubucin ya gamsar da mu cewa mace irinta za ta iya?" Ɗayar kuma yaƙin maza da mata. Littattafan da aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano, tun daga ƙarshen shekarun 1980, cike suke da auren dole da kishi da saki, kamar Wa Zai Auri Jahila? na ita Balaraba ko In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, saboda haka da wuya a yi zama ba a ji "ai ku maza haka kuke" ba. Maganin duka biyun ɗaya ne, jimla guda da ya kamata jagora ya haddace: "A ina aka nuna haka a littafin?" Wanda ya karanta zai buɗe ya nemo. Wanda bai karanta ba zai lafa da kansa.

Waɗanda ba su gama karatu ba su zo, kada a kore su, amma a gaya musu gaskiya tun farko cewa za a tona ƙarshen labari, kuma ba za a tsaya yi musu bayani ba. Wanda ya saurara a YouTube, inda ake karanta littattafan Hausa da yawa yanzu, shi ma ya karanta a wurina, sai dai a roƙe shi ya riƙa rubuta wuraren da suka ja hankalinsa, tun da ba shi da shafin da zai buɗa.

Wani lokaci labari yakan taɓa gyambo. Ana cikin maganar Rabi sai wata ta ce ita ma da yara biyar aka fitar da ita. Kada jagora ya yi sauri ya kawar da zancen kamar an yi ɓari, kada kuma ya bari zaure ya koma ba ta shawara. A saurara, a ce Allah ya sa kaffara ce, a ɗan numfasa, sannan a tambaye ta a hankali ko marubuciyar ta faɗi abin yadda yake, ko akwai abin da ta rage. Ta haka an mayar da ita mai ilimin da sauran ba su da shi, ba abar tausayi ba. Dokar da za a kafa tun zaman farko, a kuma riƙa tunatarwa: abin da mutum ya faɗa game da kansa a zaure, a zaure yake tsayawa. Ba a ɗaukar murya, ba a saka hoton kowa a Facebook sai da izininsa.

Gayyato marubuci abu ne mai daɗi, kuma Abuja da Kaduna ba su rasa su ba. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma a gaban mai ita ba wanda zai ce baitin nan bai yi ba. In za a gayyato shi, a yi sa'a guda ta farko ba ya nan, a faɗi gaskiya, a tara tambayoyi, sannan ya shigo. Kuma abin da ya ce yana nufi bai soke abin da mai karatu ya gani a shafi ba.

Saura minti goma, jagora ya tsayar da magana ko da ta yi zafi; gara a tashi da sauran gardama a baki, a ƙarasa ta a mota. Ya maimaita wurare biyu ko uku da aka rabu a kai, da sunan waɗanda suka kawo su, ba tare da ya yanke wa kowa hukunci ba. Sai zaɓen littafi na gaba: mutum biyu su kawo shawara, kowa ya yi wa nasa talla cikin minti guda, a ɗaga hannu. A sa rana da gida nan take, kafin a miƙe, domin abin da aka bari sai an tattauna a guruf ɗin WhatsApp yakan kwana uku ba a cimma matsaya ba. Guruf ɗin kansa a taƙaita shi ga sanarwa da tunatarwa, saura mako guda da kuma saura kwana ɗaya. Jagoranci ya riƙa zagayawa: wanda zai ja zama na gaba a naɗa shi yau, tsohon jagora ya miƙa masa takardar tambayoyinsa, har da waɗanda ba a kai gare su ba, ya ga yadda ake gina su. A sami littafin rubutu guda, mai bango mai ƙarfi, a riƙa shigar da kwanan wata da sunan littafi da wanda ya jagoranta da abin da aka yi saɓani a kai, a ajiye shi a hannun mai masaukin wata mai zuwa.